Hoton da Yake Makara

Har yanzu idan hadari ya haɗu ba na iya zama a ɗaki. Tsakar gida nake fita in tsaya kusa da rijiya, inda babu komai a saman kaina sai sama. Umma ta gaji da yi mini magana, yanzu lema kawai take miƙo mini.

Gidanmu a unguwar Mandawari yake, ginin ƙasa ne na tun kakanni, an dai yi masa shafen siminti ta waje. A daminar da na gama sakandare aka yi wata irin marka, ruwan ba ya ƙarfi, ba ya kuma ɗaukewa. Wata rana bayan azahar ina zaune a ɗakina ina buga gem a talabijin, sai na ji ƙasa ƴar kaɗan ta zubo mini a bayan hannu, kamar wani ya barbaɗa gishiri. Na ɗaga kai in duba. Iyakar abin da zan iya tunawa ke nan kafin katanga ta zauna, rufin ya biyo ta.

Tsohuwar talabijin ɗinmu ce ta tare mini azara. Irin mai ƙeyar nan ce, wadda sai mutum biyu suke ɗaga ta. Azarar ta sauka a kanta, gilashin ya tarwatse, amma jikinta ya riƙe, ni kuma ina kwance a ɗan wurin da ya rage tsakaninta da ƙasa. Bakina cike da turɓaya, ina jin muryoyi kamar daga wata unguwa. Baba malami ne, magidanta suna zuwa ɗaukar karatun littattafai a zaurenmu. Su suka tono ni, wasu da shebur, wasu da hannu.

A asibiti an ɗauki hoton kaina, likita ta ce babu komai, targaɗe ne a kafaɗa sai ƙujewa. Sauran kuma firgita ce, za ta wuce. Na dawo gida, aka shimfiɗa mini katifa a falon Umma, wanda shi ginin bulo ne. Amma hannuna na dama ya kama rawa. Kofi ya sha suɓuce mini. Idan an kira ni sai an maimaita kafin in amsa. Mata suna ta shigowa jaje, su zauna su kalle ni, su yi addu'a su tafi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce da Umma, a gabana, kamar ba na wurin: "Allah sarki, yarinyar da take kamar wuta. Allah Ya dawo miki da ita daidai."

Kafin abin ya faru na riga na sami gurbi a makarantar koyon aikin jinya, karatu zai fara da an ɗauke ruwa. Tun ina aji uku nake son aikin nan. Wata safiya na yi lamo a kan katifa, na ji Umma tana ce wa Baba a ƙofar ɗaki:

"Malam, hannun da kofi yake faɗuwa daga cikinsa shi ne zai riƙe allura a jikin ƴaƴan mutane? A haƙura da makarantar nan."

Baba ya sassauta murya. Ya ce, "A bar ta ta faɗa da bakinta. Idan ta ce ba za ta iya ba, shi ke nan."

Bai tambaye ni ba, ni ma ban ce komai ba. Kullum da safe dai yakan aiko mini da rubutu a kwanon sha, in shanye, in mayar da kwanon.

Ƙawayena na makaranta sun zo a farkon kwanakin. Daga baya kowa ta kama gabanta, masu shirin jami'a suna yi, masu shirin biki suna yi. Ba na ganin laifinsu, don ko sun zo ba hira nake ba. Ni ce auta, yayyena mata suna gidajensu, Yayana namiji kuma yana aiki a Legas. Gidan sai ya zama daga ni sai Umma da ƙarar tabarya daga maƙwabta, sai muryar Baba tana tasowa daga zaure yana fassara. Wuni nake ina kallon rufi.

Da masu aiki suka zo kwashe ƙasar ɗakina, sai suka tono akwatin gem ɗin a ƙarƙashin ɗan teburi, ya yi buɗu-buɗu amma bai fashe ba. Gem ɗin ya girme ni. Kawunmu ne ya kawo wa Yaya tsaraba tun yana firamare, irin mai kaset ɗin nan da ake hura wa iska kafin a soka. Kaset ɗaya muka fi bugawa: wani ɗan mutum mai koren wando yana tsallake kogi a kan gungumen itace masu tafiya a ruwa. A gidanmu tsallake-kogi muke ce masa. Yaya ne ya koya mini, da ranƙwashi da dariya, har na zo na fi shi. Kogin ƙarshe, mai gungume ƙanana masu gudu, ina iya haye shi ina hira da Umma, ba tare da na mayar da hankali ba. Babban yatsana ya san lokacin tsalle fiye da yadda ni na sani.

Akwai wata doka a gidanmu da ban taɓa tambayar dalilinta ba, don a cikinta na tashi. Wayar gem kai uku ne da ita: mai ruwan ɗorawa ta hoto, ja da fara na murya. Tun ranar da aka kawo shi Baba ya ce ba a haɗa kiɗa da karatu a gida ɗaya. Saboda haka mai ruwan ɗorawa kaɗai ake sokawa. Ja da farar Yaya ya naɗe su da zaren ɗinkin hula tun yana yaro, haka suke lilo a bayan talabijin shekara da shekaru. Ni ban taɓa jin muryar tsallake-kogi ba. A shiru na koye shi, a shiru nake buga shi.

Yaya ya aiko mana da sabuwar talabijin ta hannun wani abokinsa. Faffaɗa ce, siririya kamar allo, aka kafe ta a bangon falo. Ranar da aka kawo wuta na goge akwatin gem, na leƙa bayan talabijin ina neman rami mai ruwan ɗorawa. Babu shi. Wasu ramuka ne sirara masu baki kamar na asusu. Na kira Yaya.

"Auta, ke har yanzu kina zamanin da," ya ce. "Waɗannan ba su san wayar nan ba. Sai an sayo wani ɗan akwati, kwanbata ake ce masa. Ki soka tsohuwar waya ta nan, sabuwa ta fita ta can, shi zai buɗa hoton ya cika fuskar talabijin ɗin."

"A ina ake samu?"

"Kasuwar Sabon Gari mana. Ki shiga adaidaita ki je, ki ɗan sha iska. Umma ta ce kin zama kujera a falo."

"Ba zan iya ba, Yaya."

Ya bar wasan. Ya ce to, zai san yadda za a yi.

Ban san Baba ya ji mu ba. Washegari bayan la'asar ya shigo falo, ya ɗauki wayar mai kai uku, ya naɗe ta ya sa a aljihun babbar riga, ya fita. Mutumin da tun ina ƙarama shiririta yake kiran gem. Har yau ina ƙoƙarin hasko shi da rawaninsa a tsakiyar masu sayar da kayan wuta, yana zaro waya daga aljihu. Gab da magariba ya dawo da ɗan akwati fari, bai kai sabulun wanka girma ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata.

"Uwata, ga abin naki. Mai shagon ya tambaye ni wane irin gem nake bugawa."

"Me ka ce masa, Baba?"

"Na ce masa ni almajiri ne a fannin, malamata tana gida."

Ranar ce na fara yin dariya tun faɗuwar ɗakin.

Na haɗa kamar yadda Yaya ya kwatanta, mai ruwan ɗorawa kaɗai, ja da farar suna lilo da zarensu. Hoto ya fito. Na daɗe ina kallonsa ban gane shi ba. Ɗan mutumin nan siriri ya koma gajere mai tumbi, an ja shi ta gefe da gefe. Gungumen sun yi faɗi kamar tabarmi. Komai ya yi dishi-dishi, kamar an shafa wa gilashin man gyaɗa. A tsohuwar talabijin fuskarsa fuska ce. A nan ɗigo-ɗigo ne masu kusurwa da aka yi ƙoƙarin murje su ba su murju ba. Na ce ba komai, hoto ne kawai.

A raina kuwa na riga na ƙulla wani abu da ban gaya wa kowa ba. Likita ta ce kaina lafiya, amma ita ba ta san ni da can ba. Gem ɗin nan ya san ni. Na ce idan na haye kogin ƙarshe kamar yadda na saba, to ni ce dai, zan ce wa Baba zan tafi makaranta. Idan na kasa, Umma ta yi gaskiya.

A kogin farko na faɗa ruwa. Kogin da ko yaron goye aka riƙe wa hannu zai haye. Na sake, na sake faɗawa. Ina ganin bakin gungume, in danna, sai in ga mutumin ya riga ya zarce ya nutse. Kowane tsalle a makare yake zuwa, da ɗan kaɗan, kamar ƙiftawar ido. Na ajiye abin dannawar na kalli hannuna yana rawa a kan cinyata.

Haka na yi ta yi duk ranar da aka kawo wuta. Umma tana kicin, Baba yana zaure, ni ina gaban bango ina nutsewa a ruwa ba ko ƙara. Wani lokaci in kai kogi na uku da ƙyar, ta hanyar danna tsalle tun kafin raina ya ba ni, kamar mai tafiya a duhu. Na ƙarshen kuwa ko gungume biyu ban taɓa haɗawa ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ni a jikina ina jin a kan lokaci nake dannawa. Sai na ce to haka taɓuwar kai take: mai ita ba ya ji. Na tuna tsohuwar nan da addu'arta. Na tuna yadda ake kirana sau biyu. Na riƙa hasko wata mata kwance a gadon asibiti, ana ce mini yi maza, ni kuma ina zuwa a makare da ƙiftawar ido.

Yaya ya kira ya ce yaya gem. Na ce lafiya lau. Kunya ta hana ni ce masa na kasa haye kogin farko. Na yanke shawara ranar Asabar, idan na mayar wa Baba da kwanon rubutu, zan ce masa na haƙura.

Ranar Alhamis ba a karatu a zaure. Umma ta tafi gaisuwar rasuwa unguwar Shahuci, ta so in bi ta na ƙi. Baba ya fita ziyarar wani abokinsa. Tun faɗuwar ɗakin ba a taɓa barina ni kaɗai a gida ba sai ranar. Da hantsi ne, rana tas, babu ko alamar hadari, amma shirun ya yi mini yawa. A shiru kunnena yake komawa rufi, yana neman ƙarar zubar ƙasa. Ƙadangare ya motsa a kan kwano, na miƙe tsaye ban sani ba.

Na ɗauko tsohuwar rediyon Baba mai kaset, wadda yake sauraron tafsiri da ita, don in sami wata murya a ɗakin. Ina juya ta ina neman inda ake soka wayar wuta, sai na ga ramuka biyu a bayanta, ɗaya ja, ɗaya fari. Na kalli wayoyin nan biyu da ke lilo a jikin bango. Ba karatu ake ba, ba kowa a gidan. Na sa haƙori na tsinke zaren, ya riga ya ruɓe ma. Na soka ja a ja, fara a fari.

Kiɗa ya cika falon. Wani siririn kiɗa mai sauri, kamar ana busa ƙaramar sarewa ta roba, abin dariya. Ashe duk shekarun nan da wannan yake tafiya a bakin kogi. Na zauna na saurara har ya zagayo farko. Na ji kewar Yaya ta kama ni, shi da ya san kiɗan daga gidajen abokansa bai taɓa rera mini ba.

Na ɗauki abin dannawar. Ashe tsallen ma yana da ƙara, wani ɗan "tuwit". Na danna, na ji tuwit, na faɗa ruwa. Na sake. A karo na uku ko na huɗu wani abu ya tsaya mini a rai. Na daina tafiya, na tsayar da mutumin a kan tudu inda babu ruwa, na danna tsalle kawai. Ƙarar ta fito tare da yatsana, daidai, ba tazara. Mutumin da ke bango kuma sai bayan nan ya ɗaga. Na sake dannawa ina kallon yatsana. Na sake ina rufe da ido, na buɗe da jin ƙarar, na same shi bai bar ƙasa ba tukuna. Na yi ta yi har yatsana ya yi zafi. Rediyo tana tare da ni. Bango ne yake biyo mu a baya.

Na kira Yaya, na gaya masa abin da na gani.

"Au, ai haka suke," ya ce, yana tauna wani abu. "Ban gaya miki ba? Tsohuwar tana karɓar hoto tana watsawa nan take. Wannan kuwa sai kwanbata ya karɓi ɗan ƙaramin hoton ya buɗa shi, ita ma talabijin ɗin ta karɓa ta yi masa kwalliya, ta goge nan ta murje can, sannan ta nuna miki. Kafin su gama shafa hoda ai kin nutse."

Na zura wa bangon ido.

"Auta? Kina jina?"

"Yaya, na ɗauka kaina ne."

Taunar ta tsaya. Na ji ya tashi daga inda yake, hayaniyar bayansa ta ragu. Ya ce in faɗa masa duka, na faɗa masa, har da maganar makaranta da ranar Asabar. Kuka ya ci ƙarfina a tsakiya, ya jira ni.

"Ke kuwa wace irin yarinya ce," ya ce a hankali. "Ki sa akwatin da bai kai sabulu ba ya yanke miki hukunci, ki kasa kiran yayanki. Share hancinki ki ɗauko rimot."

Ya bi da ni cikin saitin talabijin ɗin, ina karanta masa Turancin yana ce mini shiga nan, fita can. Akwai wani wuri da aka ware don gem, wanda yake hana ta tsayawa kwalliya, na kunna shi. Na kashe abin da ke murje hoto da abin da ke ƙara masa santsi. Ya ce in mayar da fasalin hoton irin na da. Baƙin fili ya fito dama da hagu, hoton ya tsuke a tsakiya, mutumina ya dawo siriri da koren wandonsa. Ɗigo-ɗigon sun fito fili da kusurwoyinsu, amma sun fi mini dishi-dishin nan.

"Ba za ta taɓa zama kamar mai ƙeya ba," in ji Yaya. "Irin wannan kwanbatan shi ma yana da nasa jinkirin. Akwai mai kyau, idan na zo zan taho miki da shi. Gwada mu ji."

Na ajiye wayar a kan katifa ba tare da na kashe ba. Tazarar ta ragu sosai, saura ɗan abin da ba a rasa ba. Na haye kogin farko, na biyu, na uku. A na ƙarshe na faɗa sau biyu. A na ukun na daina yarda da idona gaba ɗaya, na bar yatsana da kunnena su yi abin da suka ga dama, sai ga ni a tudu. Wani kiɗa na daban ya tashi, na murna, wanda duk da na ci kogin nan sau ba adadi ban taɓa ji ba. Daga kan katifa na ji muryar Yaya ƙarama tana cewa, "Wannan kiɗan na sani. Shegiya auta."

Ban ji sallamar Baba ba. Juyowa na yi na gan shi a ƙofar falo, takalmansa a hannu, yana kallon rediyonsa ta tafsiri tana busa sarewa. Na yi sauri zan zare wayoyin, ya ɗaga mini hannu.

"Ashe abin yana da baki."

"Yau Alhamis ce, Baba."

"Na san ranar, Uwata."

Na durƙusa. Na ce masa ina so in tafi makarantar. Ya kalli fuskata, da alama ya ga na yi kuka, sannan ya kalli hannuna. Yana rawa a lokacin, ban ɓoye shi ba.

"Hannun fa?"

"Yana rawa, Baba. Amma ba ya makara. Na gwada."

Bai tambaye ni yadda na gwada ba. Ya ce Allah Ya yi albarka, shi zai yi wa Umma magana. Ya juya zai fita, ya tsaya, ya ce kafin Asabar a mayar masa da rediyonsa.

Umma ba ta ji daɗi ba da farko. Ta ce wasan yara ne zai gaya mana lafiyar mutum? Ban iya yi mata bayanin da zai gamsar da ita ba, har yanzu ma ban iya ba. Amma ita ta raka ni wurin tela aka auna ni fararen kaya, a hanya tana riƙe da gefen hijabina kamar ƴar yaye.

Ban warke ba. Jiya ma cokali ya faɗi daga hannuna. Har yanzu wani lokaci sai an kira ni sau biyu, sai dai yanzu na lura inda nake tafiya idan hakan ta faru: rufi nake saurare. An sake gina ɗakina da bulo, ban koma ba tukuna. Kayan makarantar suna rataye a ƙusa kusa da talabijin, a cikin ledar tela.

Washegarin Alhamis ɗin nan, ranar Juma'a da yamma, na zare ja da farar, na mayar wa Baba da rediyonsa zaure. Na nemi zare a kwandon ɗinkin Umma zan ɗaure su kamar da, na yi ta ƙoƙarin ƙulli yatsuna suna kuskurewa. Umma tana kallona daga bakin ƙofa. Ba ta karɓa ta yi mini ba, ta tsaya har na ƙulla da kaina.